Manhajar Medscape a aljihun likita: inda take kare majinyaci da inda sai an sa mata ido

Babu likitan da zai iya haddace adadin kowane magani, da yadda ake rage shi idan ƙoda ta raunana, da jerin magungunan da ba a haɗa shi da su, komai kaifin basirarsa da daɗewarsa a aiki. A da, abin da ake dogaro da shi littafi ne mai kauri da ake ajiyewa a kan teburin ɗakin duba marasa lafiya, wanda sau da yawa bugun shekarun baya ne, kuma a daidai lokacin da ake nemansa sai a tarar wani ya ɗauke shi zuwa wani ɗakin. Yanzu wayar hannu ta karɓi wannan aiki, kuma a cikin manhajojin binciken magani Medscape ce na fi gani a wayoyin abokan aiki, tun daga ɗaliban shekarar ƙarshe har zuwa manyan ƙwararru. Ina aiki da ita a wani babban asibiti a Arewacin Najeriya, kuma hukuncina a kanta shi ne ta cancanci zama a wayar kowane likita, amma an rubuta ta ne don asibitin Amurka, kuma duk wanda ya manta da haka zai iya cutar da majinyacinsa alhali yana ganin ya bi ƙa'ida.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani gangami na musamman a kan illar da kuskuren magani ke jawowa, da burin rage munanan illolin da za a iya kauce musu da rabi cikin shekaru 5, inda ta ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana laƙume kimanin dala biliyan 42 a duniya duk shekara. Kuskuren yana iya shigowa daga biron likita, ko daga tagar kantin magani, ko daga hannun mai yin allura, kuma manhaja irin wannan tana da tasiri ne musamman a kan matakin farko, wato lokacin da ake yanke shawarar abin da za a rubuta a kati.

An kafa Medscape a 1995, kuma tun 2001 take ƙarƙashin kamfanin WebMD. Ana sauke ta kyauta, abin da ake nema kawai shi ne mutum ya yi rajista ya bayyana irin aikinsa. Idan aka buɗe shafin kowane magani, ana samun adadin manya da na yara, da gyaran da ake yi wa mai ciwon ƙoda ko hanta, da illolinsa, da gargaɗi, da bayanin masu juna biyu da masu shayarwa, da yadda ake haɗa shi idan na allura ne. Tsarin bai canzawa daga wannan magani zuwa wancan, kuma wannan shi ne babban abin da na fi yaba mata, domin likitan da aka taso daga barci da ƙarfe uku na dare ba ya buƙatar shafi mai ado, yana buƙatar yatsansa ya san inda zai taɓa tun kafin idonsa ya gama buɗewa.

Inda amfaninta ya fi fitowa fili shi ne magungunan da ba a rubuta su kullum amma idan buƙatarsu ta taso babu lokacin jira. Matar da aka sa wa magniziyam salfet saboda jijjigar haihuwa, idan numfashinta ya fara ja baya, makarin da ake ba ta shi ne kalsiyam gulukonet giram 1, wato mililita 10 na ruwan mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a jijiya a hankali. Likitan ɗakin haihuwa ya san wannan kamar sunansa, amma sabon likitan da aka bar wa asibiti gaba ɗaya a ranar hutu yana iya yin kokwanto, kuma tabbatar da lambar cikin daƙiƙu kaɗan ya fi a tsaya neman babba a waya yana can inda sabis ba ya kaiwa. Haka nan na'urorin lissafin da ke cikinta suna sauƙaƙa aikin da mutane ke tsallakewa saboda gajiya. Lissafa ƙarfin tace jinin ƙoda daga shekaru da nauyi da sakamakon gwajin jini na kiriyatinin kafin a rubuta wa tsoho jentamaisin, ko kafin a ci gaba da ba mai ciwon suga metfomin wanda ake dainawa idan ma'aunin ya faɗi ƙasa da 30, aiki ne na minti ɗaya idan manhajar tana hannu.

Sashen da ke binciken karon magunguna shi ne ya fi dacewa da irin majinyatanmu. Ana shigar da sunayen duk abin da mutum ke sha, sai manhajar ta jero waɗanda ke cin karo, ta kasa su mataki-mataki, daga wanda aka haramta haɗawa gaba ɗaya, zuwa wanda ya kamata a nemi madadinsa, zuwa wanda ake haɗawa amma a sa ido, zuwa mai sauƙi. A ƙasar da tarin fuka da cutar ƙanjamau ke yawan haɗuwa a jiki ɗaya, wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Rifamfisin, maganin tarin fuka, yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da magunguna da dama cikin gaggawa, don haka mai shan maganin ƙanjamau na dolutegirabir da aka fara wa maganin tarin fuka sai an ƙara masa miligiram 50 bayan awa 12 da shan ƙwayarsa ta kullum, in ba haka ba ƙwayar cutar ta samu sararin bijirewa. Wannan rifamfisin ɗin kuma yana raunana ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa mata a hannu, da ƙwayoyin da ake sha kullum, abin da asibitin tarin fuka ba kasafai yake tambaya ba, asibitin tazarar haihuwa kuma ba kasafai yake sani ba, tunda kowanne da nasa katin. Manhajar tana kama waɗannan, kamar yadda take kama haɗarin zubar jini ga mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, da aka rubuta wa metronidazol, da raguwar ƙarfin dolutegirabir idan aka sha shi a lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba tare da abinci ba.

Sai dai wannan sashe yana da yawan surutu. Idan aka shigar da magunguna shida na dattijo mai hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, jerin gargaɗin da zai fito yana iya cika allo ya wuce, kuma mai muhimmancin yana nutsewa a cikin marasa muhimmanci. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara binciken da aka yi a asibitocin da ke rubuta magani ta kwamfuta, ya nuna cewa likitoci suna tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin da na'ura ke nuna musu. Mai gadin da ke busa usur ga duk wanda ya gifta, ranar da ɓarawo ya zo babu wanda zai leƙo. Akwai kuma iyakar da ta fi wannan damuna, wato yadda take duba magungunan biyu-biyu. Haɗa maganin hawan jini irin lisinofiril da maganin fitar da fitsari da daiklofenak a jikin tsoho mai ƙarancin ruwa hanya ce sananniya ta lalata ƙoda, kuma haɗarin ukun a tare ya zarce abin da ake gani idan an karanta su ɗaiɗai. Wannan hukunci yana wuyan likita.

Babbar matsalar kuwa tana wurin da muka fi buƙatar daidaito, wato zazzaɓin cizon sauro. Bayanin magani a manhajojin Amurka yana bin takardar da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita, kuma wannan hukuma ba ta amince da allurar atisunet ba sai a 2020, shekaru da dama bayan ta zama abin da muke ceton yara da shi a nan. Takardar Amurka ta ba da miligiram 2.4 ga kowane kilo na nauyin jiki, babba da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, saboda jikin ƙananan yara yana fitar da maganin da sauri, kuma wannan ne ƙa'idar da shirin yaƙi da maleriya na ƙasa yake bi. A ɗauki yarinya mai kilo 12 da aka kawo a sume. Ma'aikaciyar jinya za ta fasa kwalbar miligiram 60, ta zuba mililita 1 na ruwan baikabonet ta girgiza har garin ya narke ruwan ya yi garau, sannan ta ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowane mililita ya zama yana ɗauke da miligiram 10. Bisa ƙa'idarmu yarinyar tana buƙatar miligiram 36, wato mililita 3.6, amma wanda ya kwafo lambar Amurka zai rubuta miligiram 29. A cikin sirinji tazarar ba ta kai mililita ɗaya ba, a jikin yarinyar kuwa ragin kashi ɗaya cikin biyar ne na maganin da ranta ya rataya a kai, kuma za a maimaita ragin a awa 12 da awa 24 ba tare da kowa ya lura ba.

Ƙwayar atimita da lumefantirin ma tana da irin wannan tarko ta wata fuskar. A Amurka ƙarfi ɗaya ake sayarwa, mai miligiram 20 da 120, shi ya sa bayanin ke cewa babba ya sha ƙwaya 4 a kowane lokaci. A kasuwarmu kuwa kwalin da ya fi yawa a hannun manya shi ne mai miligiram 80 da 480, wanda ƙwaya ɗaya take tsayawa a madadin huɗun. Likitan da ya rubuta adadin ƙwaya bai rubuta ƙarfinta ba ya buɗe ƙofar a sha ninki huɗu. Ruwan farasitamol na yara shi ma haka ne, domin nasu miligiram 160 ne a cikin mililita 5, namu kuma yawanci 120 ko 125, saboda haka miligiram ake kwafowa daga manhaja, mililita kuma sai an riƙe kwalbar an karanta jikinta.

Wasu magungunan ma ba sa cikin lissafin Amurka kwata-kwata, tunda ba a sayar da su a can. Amodiyakwin da ake rabawa yara gida-gida da damina don rigakafin zazzaɓi a jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar yana cikinsu. Makarin dafin maciji da manhajar ta fi bayani a kai na macizan nahiyar Amurka ne, ba ruwansa da gobe-da-nisa da ke cika gadajen asibitin Kaltungo a jihar Gombe lokacin noma da girbi, inda ake aiki da makarin EchiTAb. Sunaye ma sai an saba, domin wanda ya nemi salbutamol ko gilibenkilamaid ko fetidin zai same su da sunayen da Amurkawa ke kiransu, albuterol da gilaiburaid da meferidin, kuma haɗarin a nan shi ne sabon likita ya ɗauka magunguna biyu ne daban. Ma'aunin gwaje-gwaje kuma ya bambanta. Ɗakunan gwajinmu da yawa suna ba da suga a milimol, kiriyatinin a maikromol, Amurka kuma tana amfani da miligiram a desilita, ta yadda suga 7 a nan shi ne 126 a can, kiriyatinin 177 kuma shi ne 2. Na'urar lissafin tana ba da damar a sauya ma'aunin, amma sai wanda ya tuna ya duba.

Akwai wani sashe na gano ƙwaya ta hanyar launinta da siffarta da rubutun da aka buga a jikinta, wanda a wurinmu kusan ba shi da amfani, alhali mu ne muka fi kowa buƙatar irinsa. Majinyaci yana zuwa da baƙar leda, ya zazzage a kan tebur: farar ƙwaya a ƙulle cikin takarda, kafso ja da rawaya da aka yanko daga kati har sunan ya tafi tare da almakashi, wani ruwa a gorar lemo da aka ce na basir ne. Rumbun hotunan manhajar na ƙwayoyin kasuwar Amurka ne, namu kuwa mafi yawansu daga Indiya da Sin da kamfanonin cikin gida suke. Jiƙo da sassaƙe da tsimi, waɗanda mutane da yawa ba sa lissafa su a cikin magani sai an tambaye su kai tsaye, babu inda za a shigar da su. Duk abin da likita bai tono da bakinsa ba, mai binciken karon magani ba zai gan shi ba, kuma allon da ya nuna babu matsala yana iya kwantar da hankali a inda bai kamata ba.

Haka kuma manhajar tana ɗauka cewa abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci, kuma ba mu manta da yara 84 da maganin haƙori na My Pikin ya hallaka a 2008 da farkon 2009 ba, sakamakon gubar da ta gurɓata shi. Ba laifin Medscape ba ne, ba aikinta ba ne, amma ya kamata a faɗa domin kada a ɗora mata amanar da ba za ta iya ɗauka ba. Wannan gefen na hukumar NAFDAC ne, da tsarin kankare lamba a tura saƙo da ta fara a 2010, da kundinta na Greenbook inda ake duba ko magani yana da rajista, da manhajar Med Safety da ake kai rahoton illar magani ta cikinta.

Batun kyauta ma yana da farashinsa. Kuɗin da ke tafiyar da Medscape yana fitowa ne galibi daga tallace-tallace da darussan da kamfanonin magani ke ɗaukar nauyi, kuma duk wanda ya yi rajista zai ga saƙonni suna kwararowa akwatinsa. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta fallasa cewa sashen ilimantarwa na Medscape ya ɗora darussa a kan daina shan taba waɗanda kamfanin taba na Philip Morris ya biya kuɗinsu, kuma bayan ƙorafin likitoci aka janye su. Ban ga alamar hannun masu talla a shafukan adadin magani ba, domin waɗannan suna bin takardar hukuma ne, amma ina karanta sashen labarai da na darussa da taka-tsantsan, kuma ina shawartar ƙananan likitoci su riƙa duba wanda ya ɗauki nauyin darasi kafin su sauya abin da suke rubutawa saboda shi.

Idan aka gwada ta da takwarorinta, Epocrates, wadda ta fara tun 1998, ta fi ta taƙaita bayani da saurin kai mutum ga lamba, amma ita ma 'yar Amurka ce da duk matsalolin da na ambata. Lexicomp, wadda aka sauya wa suna zuwa Lexidrug, ta fi su zurfi, musamman a kan jarirai da masu ciwon ƙoda, sai dai kuɗin shekararta da dala ake biya, wanda a darajar naira ta yanzu ya fi ƙarfin likitan da ke neman ƙwarewa idan asibitinsa bai saya masa ba. BNF, manhajar kundin magunguna ta Birtaniya, ta fi kusa da yadda aka koyar da mu, sunaye da ma'auni duk iri ɗaya, kuma kundinta na yara da aka fara a 2005 ba shi da na biyu a wurina, amma kyautarta ta mazauna Birtaniya ce. Waɗanda na fi so su zauna kusa da Medscape a waya su ne EMDEX, wadda aka tsara don Najeriya kuma take kawo sunayen kasuwa na magungunan da ke kantunanmu, da manhajar ƙa'idojin jinya ta ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda aka rubuta don asibitin da ba shi da kayan aiki da yawa, tana aiki ba tare da data ba, kuma akwai ta da Faransanci ga abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram. Mai kula da masu cutar ƙanjamau ya ƙara da HIV iChart ta Jami'ar Libaful, wadda ta fi kowace iya bayanin karon waɗannan magunguna. Kowace aka zaɓa, a sa waya a yanayin jirgi a gwada buɗe shafin magani tun da rana, a ga abin da zai buɗe da wanda ba zai buɗe ba, domin ɗakunan kwanciya da yawa sabis ba ya shiga cikinsu.

Saura yadda majinyaci ke kallon al'amarin, wanda ba na raina shi. Dattijon da ya yi sammako ya bi layi, idan ya ga likita ya sunkuyar da kai a kan waya, ɗayan biyu zai zata, ko dai hira yake yi ko kuma bai san aikinsa ba. Kalma kaɗan take gyara wannan. Nakan juya masa allon in ce, “Baba, ka yi mini haƙuri kaɗan, ina so in tabbatar wannan maganin ba zai yi faɗa da na hawan jininka ba.” Amsar da na fi ji ita ce, “Madalla likita, duba da kyau,” kuma sau da yawa a nan ne yake tuna wani maganin da ya saya a kemis wanda bai ambata ba da farko. Manyanmu a asibitocin koyarwa su ma suna da rawar takawa, domin ƙaramin likitan da aka kunyata a gaban jama'a saboda ya ciro waya lokacin zagayen marasa lafiya, gobe zai rubuta daga ka ne don gudun magana.

Wanda ba na ba shawarar ya jingina da Medscape shi ne ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin karkara da mai kemis, duk da cewa babu abin da zai hana su sauke ta. Bayanin da ke ciki yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya gano cutar, yana da sikeli da ɗakin gwaji, kuma zai iya bambance gargaɗin da ake tsayawa a kansa da wanda ake wucewa. Ma'aikacin karkara yana da kundin umarnin aiki na ƙasa da aka rubuta daidai da horonsa da magungunan da ke ma'ajiyarsa, wanda ke gaya masa abin da zai bayar da kuma alamomin da idan ya gani zai tura majinyaci babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.